Rabin Gidan Baba

Kwamfutar gidanmu ta daɗe tana neman sa mini hawan jini. In na kunna ta, sai in je in ɗora ruwan zafi in dawo, tana nan tana juya wani ɗan zobe a tsakiyar allo. Ranar da ta kai ni bango, ina buga tambayoyin jarrabawar 'yan aji uku ne, kuma shugabar makarantarmu ta ce gobe da safe take son ganinsu a kan teburinta. Ina tambaya ta sha bakwai allon ya yi shuɗi, komai ya tafi. Na daki tebur da ƙarfi har sai da Baba ya leƙo daga ɗakinsa.

"Uwata, lafiya?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Baba, yau sai an yi wa kwamfutar nan fomat. A goge komai a sa mata sabon windo, kowa ya huta."

"To. A dai kula mini da gidana."

Bari in faɗa muku wane gida, kada ku zaci muna da wani bene a ɓoye. Baba magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo. Gidan da aka haife mu a ciki, da hannunsa ya gina shi, ɗaki bayan ɗaki, duk sanda hali ya samu. Da aka zo faɗaɗa titi aka rushe layinmu gaba ɗaya, muka dawo haya, shekara ba ta zagayo ba Mama ta rasu. Daga nan Baba ya fara mantuwa. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya kuma faɗa mini a gefe cewa gaba yake yi, ba ya komawa baya.

Ƙaninsa, Baffa, wanda ke zaune a wata ƙasa, shi ya zo ganin gida ya saka masa wani wasan gini a kwamfutar. Fili ne fetal ake ba ka, ka yi ta ɗora tubali. Na sha dariya, na ce tsofai biyu sun koma yara. Ashe ni ce abin dariyar. Kullum ƙarfe huɗu Baffa zai shigo ta intanet, Baba na gini, shi yana miƙa tubali, suna musu kamar za su cinye juna. Cikin shekara biyu suka tayar da tsohon gidanmu, har da karkataccen matakin nan na bakin kicin da kowa ya taɓa tuntuɓe da shi. Baba kan manta ko ya ci abinci, amma a cikin gidan nan bai taɓa ɓata ba. Duk ranar da ya rikice ya fara tambayata ina muke, sai in zaunar da shi gaban allo, ya zaga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, numfashinsa ya daidaita. Ni dai ban san masa wani magani da ya kai wannan ba.

Don haka ban yi wasa da maganarsa ba. Na lallaɓa kwamfutar ta tashi, na soka filashi, na kwashe takardun makaranta. Sannan na kama ɗan hoton wasan da ke fuskar allo, mai cokalin magina, na ja shi na jefa cikin filashin. Ko ƙiftawar ido bai ɗauka ba.

"Au, ashe kin iya sauri," na ce mata. "Sai yau da kika ji za a kai ki asibiti."

Shagon mai gyaran yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da caja da mai ɗinkin takalmi. Kowa Injiniya yake ce masa. Ciki ba ya ɗaukar mutum uku, matattun kwamfutoci jibge har rufi, ga wata fanka marar murfi tana kaɗa ƙura. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda kafin ya gama jimla ɗaya ni na yi biyar.

"Malama, kin kwashe duk abin da kike so? In na goge, na goge ke nan."

"Na kwashe."

"Hotuna, takardu..."

"Na ce na kwashe."

"Na ga kamar akwai wasa a ciki. Wasu wasannin, ko da ta intanet ake yin su, kayansu a cikin..."

Na ɗaga masa filashin har kusa da hancinsa. "Injiniya, ni fa malamar makaranta ce, ba yau na fara ganin kwamfuta ba. Yana nan ciki. Ka yi aikinka, sauri nake."

Ya dubi filashin, ya dube ni, ya ce to. Har yau wannan "to" ɗin tana mini ciwo. Da ya yi mini gardama ko sau ɗaya ne! Amma wa zai yi gardama da mace tana huci a shagon da ba shi da wurin gudu?

Wajen sha biyu na dawo. Kwamfuta ta zama amarya, kana taɓa ta tana amsawa. Ya sake sauko da wasan daga intanet, na miƙa masa filashin ina wani ɗaga kai. Ya buɗe. Ya duba ciki. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa ya mayar.

"Malama, ina foldar?"

"Wace folda? Ga shi nan kana gani."

"Wannan ai alama ce kawai. Kamar allon da ake kafawa a bakin hanya mai nuna gida. Allon kika ɗauko. Ginin yana can cikin wata folda da wasan ke ajiye kayansa."

Na matso kusa da allon. "Amma ai ta intanet suke yi! Ba yana can sama ba?"

Ya buɗe wasan, ya nuna mini. Fili fetal, ko tubali ɗaya babu. "Mai shigowar ne ke zuwa ta intanet. Ku ne masu masauki. A nan gidan yake zaune."

Innalillahi. Ban san sanda na zauna a kan wata matacciyar firinta ba. Da bakina ya dawo, faɗa na fara, don shi na fi iyawa. Na ce me ya sa bai duba ba, wane irin injiniya ne shi, mutum ya kawo maka amana ka share. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Na so in duba." Ni ma na san ya so.

Na faɗa masa ko gidan wane ne, da abin da gidan yake yi wa mai shi. Ya kashe kwamfutar nan take, ya ɗauko sukundireba.

"Kada a sake kunna ta. Abin da aka goge bai gama tafiya ba, sai an ɗora wani a kansa. Sabon windon ya riga ya danne wani wurin. Bari mu ga abin da ya rage."

Ya ciro faifan ajiyarta, ya jona da tasa kwamfutar. Wani siririn layi ya fito a allo, ya ce sai ya cika. Na tambaye shi minti nawa. Ya ce awa uku, ko huɗu.

Zama ya gagare ni. Na fita, na je har ƙarshen layi, na dawo, layin allo bai motsa ba. Na sake fita. Mai ɗinkin takalmi ya turo mini benci, na zauna, na miƙe. Na sayi ruwa na manta shi a kan kantar mai caja. Na tsaya ina karanta farashin da aka liƙa a jikin wani shago, na karanta sau uku ban san me ake sayarwa ba. Duk sanda na leƙa, Injiniya sai ya ɗaga mini hannu ba tare da ya juyo ba, ni kuwa ji nake kamar in kama layin nan in ja shi da hannuna.

Ƙarfe biyu Baba ya kira. "Uwata, kin ɗauki kwamfutar ne? Na ga tebur ba komai."

"Tana wurin gyara, Baba. Yanzu zan dawo."

"To. Kin san baffanki ba ya son jira."

Biyu da rabi ya sake kira, ya yi mini tambayar nan dai, kalma bayan kalma. Uku da kwata ma haka, sai dai a wannan karon muryarsa ta fara rawa, ya ƙara da cewa, "Nan ɗin gidan wa aka kawo ni?" Na ce ya zauna a kujerarsa, ina hanya. Ina kashe wayar na kira Baffa, ko Allah zai sa yana da kwafi a wurinsa.

"Kwafin me? 'Yata, ni fa lebura ne a gidan nan. In yayana bai buɗe ba, ko ƙofa ba na gani. Me ya faru?"

Na faɗa masa. Ya ja salati, ya ce zai jira a kan layi ko ƙarfe nawa ne. Bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Huɗu ta wuce da kusan rabi layin ya cika. Injiniya ya yi ta tone-tone cikin wasu sunaye marasa kan gado, yana ɗauka yana ajiyewa, ni ina tsaye a kansa ina hana shi iska.

"Wasan kashi-kashi yake ajiye filin," ya ce. "Na ga alamar kashi tara. Biyar sun fito lafiya. Huɗun, windo ya kwanta a kansu."

"Wane ɓangare ne huɗun?"

"Sai mai gida ya shiga zai sani."

Ya mayar da komai, ya zuba mini ainihin foldar a filashi, ya sa na buɗe na ga nauyinta da idona. Na rungumi kwamfutar na fito, ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Na tarar da Baba zaune gaban tebur, ya sa hularsa, hannayensa a kan gwiwa. Na jona wayoyi, na kira Baffa na sa shi a sifika. Wasan ya buɗe. Ƙofar gidanmu ta fito, shuɗiya, da lambarta.

"Yauwa," in ji Baba. Kafaɗunsa suka sauka.

Ya kama maus ya shiga. Tsakar gida tana nan. Kicin yana nan. Ya leƙa ɗakinsa, ya fito, yana 'yar waƙarsa ta bakin aiki ƙasa-ƙasa. Har na fara cewa a raina wataƙila huɗun nan duk bayan gida ne, ciyawa ce kawai. Sai ya juya hagu, wajen ɗakin Mama.

Katangar ta zo daidai rabi ta yanke, tsaf kamar an sa wuƙa. Daga nan sai fili, har iyakar gani.

Waƙar ta tsaya. Ya matsa gaba, ya ja baya, ya sake matsawa.

"Sun sake zuwa ne?" ya ce a hankali. "Ba su ce za su zo ba."

"Ba wanda ya zo, Baba." Na durƙusa a gefen kujerarsa. "Ni ce. Ka ce in kula, na yi gaggawa, ban kwashe shi daidai ba. Ni na rushe shi. Ka yafe mini."

Ya dube ni ya daɗe. Ban sani ba ko ya gane duka, amma ya ɗora hannu a kaina.

"Magini ba ya kuka don katanga ta faɗi, Uwata. Tashi." Ya juya wajen wayar. "Kai, kana ina? Miƙo tubali."

"Ga ni, Yaya," in ji Baffa.

Na ja kujera na zauna. Baba ya ja layin tushe ba tare da ya yi awo ba, ya ɗora jeri na farko, na biyu, na uku, da saurin da na daɗe ban gani ba. Na fara share hawaye ina murmushi. A jeri na huɗu hannunsa ya tsaya.

"Tagar ɗakin fa? Ta ina take?"

"Yaya, ni ban taɓa shiga ɗakin ba," in ji Baffa. "Daga bakin ƙofa nake miƙo maka."

Baba ya juyo gare ni. "Uwata, ke ai a ciki kika girma. Tagar ɗakin mamanku, ta ina take?"

Shekara goma sha tara na kwana a ɗakin nan. Na rufe ido. Na ga gadon ƙarfe, na ga akwatunanta uku a jere, na ga Mama zaune tana tsefe kai, haske a gefen fuskarta. Ta ina hasken ke shigowa? Na juya ɗakin a kaina ta kowace fuska, ya ƙi tsayawa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a shagon Injiniya. Shekara biyu tagar nan tana cikin kwamfuta a falonmu, ban taɓa jan kujera na ce Baba nuna mini ba.

Na ɗaga yatsa na nuna bangon dama. "Nan ne, Baba."

Ya kai maus wurin, ya ƙura ido.

"A'a," ya ce. "Ba nan ba ne."

Ya juya zuwa ɗaya bangon. Ni da Baffa muna jira ya ajiye tubalin.

"Nan ma ba nan ba ne," in ji Baba.