Ranar da Suka Yi wa Yaya Octave Tafi

Yayana Octave shi ne ɗan sandan da ya gano cewa masana'antar jimar fata tana zuba guba a rafin garinmu, magajin gari kuma yana cin rabonsa yana kawar da kai. Yaya ya ƙi yin shiru. To, rabin garin a masana'antar suke cin abinci, sai kowa ya juya masa baya. Aka fasa masa gilashin mota, aka daina amsa gaisuwarsa a coci, daga ƙarshe aka cilla shi wani ƙauye a bakin iyaka. Matarsa ta ce ba inda za ta.

Bayan ya tsufa, wasu daga Paris suka mai da labarinsa fim, aka kawo silimar garinmu. Da ƙyar na shawo kansa ya zo.

Wallahi a fim ɗin, mutanen gari ne suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suka mara masa baya har aka ɗaure magajin gari! Alhali mutumin nan a gadonsa ya mutu, aka binne shi da badujala. Ɗansa Gaspard, wanda ya gaji kujerar, yana sahun gaba yana tafi.

Da aka fito, Madam Huguette mai gidan burodi ta rungume Yaya tana hawaye.

"Octave namu! Ni dama na san kai ne mai gaskiya."

Na ce, "Kin sani? Ba ke ce kika hana ni burodi ba don ni ƙanwarsa ce?"

"Haba Solange, wannan ai ya wuce."

"A wurinki ya wuce!"

Gaspard ya matso da murmushi, ya dube ni. "Madam, yau ranar murna ce. Ranka ya daɗe, zo mu ɗauki hoto."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Kana kama da ubanka," ya ce, ya ja hannuna muka fita.

A mota ina ta zage-zage. Sai da muka kai tashar jirgin ƙasa ya ce, "Solange, kada ki ƙara kirana garin nan."

Bai ƙara zuwa ba. Su kuwa a bara suka sa wa wani titi sunansa, suka ci suka sha, ba wanda ya tuna ya gaya masa.