Kwalbar Isufu

Bayan an yi sadakar arba'in, Turai ta hau jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon don ta kwaso kayan Isufu. Shi kaɗai ta haifa. A hanyar aiki zuciyarsa ta tsaya, ya faɗi, bai ƙara tashi ba.

Raihana, abokiyar aikinsa, ta buɗe mata ɗakinsa na Villeurbanne, a gefen Lyon, ta koma bakin aiki. Ba komai a ciki sai katifa da darduma da tarin takardu. A bakin taga Turai ta ga kwalba rufe ruf, da ɗan tsiro a ciki, bai kai yatsa ba, yana tsaye cikin wani abu kamar kunun da ya daskare.

Ta gane aikinsa ne. Ya sha gaya mata cewa itatuwan maron, waɗanda ake gasa 'ya'yansu a bakin metro na Belleville, wani ciwo na cin ɓawonsu har su bushe. Su a labo, ɗakin bincikensu, sai su nemi iccen da ya gagari ciwon, su yanki ɗan tohonsa, su rene shi a kwalba, su sake yankawa, ɗaya ya zama ɗari.

A cinya ta riƙo kwalbar har gidanta na Stains, a gefen Paris. Da ta duba, gumi ya taru a jikin gilashin.

"Wayyo, sun toshe ka, ko iska ba ka sha," in ji ta.

Turai ɗiyar manoma ce daga Tahoua, ba ta taɓa ganin shuka ta rayu a rufe ba. Ta cire murfin, ta yi bisimilla, ta ɗiga masa ruwan zamzam.

Kwana huɗu, farar hunhuna ta lulluɓe kunun, ganyen ya yi baƙi. Ta kira Raihana a tarho, ko gaisuwa ba su gama ba ta faɗa mata.

"Inna, kin buɗe ne?"

"Na buɗe, ɗiyata. Har ruwa na ba shi."

Raihana ta ce, "Ba a buɗewa, Inna. Ko numfashin mutum na iya kashe shi. Mu ma sai mun ƙona wuƙa a wuta muke taɓawa."

"Ni na kashe shi ke nan."

"Ba ki sani ba ne. Akwai 'yan'uwansa a labo, sun fi ɗari biyu, duk daga tohon da Isufu ya yanka. In sanyi ya wuce zan kawo miki ɗaya a tukunya."

"To wannan me ya kai shi ɗakinsa?"

Sai da Turai ta maimaita tambayar sannan Raihana ta amsa.

"Shi ne na farko da ya yi saiwa. Ya ce ke zai kai wa ki gani."

Turai ta ajiye tarhon. Ta ɗauki murfin, ta mayar, ta murɗa shi da ƙarfi har yatsunta suka yi zafi. Ta ɗora kwalbar a bakin taga, inda rana ke shigowa.