Tsintsiya Ta Jira Jirgin Bologna

Ranar da Otilia, 'yata ta fari, za ta koma aikinta a Italiya, ranar ce iyayen Sanda, yarinyar da autana Serafim yake so, suka zaɓa su zo ganin gidanmu. Uwar Sanda kuwa Agafia ce, matar da ta taɓa fasa auren babbar 'yarta don ta ga saƙar gizo a bayan hoton waliyyi a gidan saurayin.

Ga gida kamar an tashi kasuwa. An yi walimar bankwana, ɓawon 'ya'yan kabewa ko'ina, gashin kaza har ƙarƙashin gado, maza sun kwaso taɓo da takalma sun shimfiɗa mini. Kuma kowa ya san ba a shara matafiyi yana hanya, don kada a share masa hanyar dawowa. Lokacin da Otilia take bin bas, kwana biyu nake yi ina taka datti.

"Mama, jirgi ne fa," in ji Serafim. "Daga Chisinau zuwa Bologna awa biyu da 'yan kai."

"Rufe mini baki. Italiyar ce ta koma kasuwar Soroca?"

Kawun Otilia ya ɗauke ta da sassafe zuwa filin jirgi. Rana ta take, ta fara karkata, waya shiru. Sai ga maƙwabciyata Parascovia ta leƙo ta kan shinge.

"Zinovia, share ki tara a bayan ƙofa mana. Abin da ba a fitar ba ai ba shara ba ce."

"Haka kika yi wa mijinki da ya tafi Moscow? Yau shekara nawa bai dawo ba?"

Ta ja tsaki, amma ba ta gusa ba, kallo take jira.

Serafim ya sa farar rigarsa yana ta safa da marwa. Ya kai hannu ga tsintsiya, na doke hannun.

"In auren zai fasu, ya fasu. Yayarka ɗaya ce."

Baki ne kawai. Na san yaron nan ko miya ba ya iya sha sai ya ambaci Sanda.

Motar baƙi ta ɓullo gindin tudu, daidai rijiyar coci, sai waya ta yi ƙara.

"Mama, na sauka, ina jiran jaka."

"Ƙafarki tana ƙasa? Buga in ji."

Ta buga, tana dariya. Na yi alamar gicciye, na jefar da wayar kan gado.

"Parascovia, 'yar albarka, tare su a hanya! Ba Agafia labarin matar mai kanti da mai gyaran rufi."

"Duka?"

"Har da ƙari."

Ni da tsintsiya, Serafim da bokiti. Ban san ƙuguna yana lanƙwasuwa haka ba tun ina amarya. Ta taga ina hango Agafia ta zuro kai daga mota, baki buɗe, Parascovia tana ta zuba.

Da suka shigo, Agafia ta bi kusurwoyi da ido, ta zauna, ta ci tuwon masara da cuku har ta nemi ƙari. Aka sa biki bayan tsinkar inabi.

Ran Lahadi na sayi kyandir mafi tsawo a coci. Firist ya tambaye ni na wane ne.

"Na matuƙin jirgi, ranka ya daɗe. Ban san sunansa ba, amma Allah ya yi wa uwarsa albarka, ba ta haifi mai nawa ba."