Mai Gilashi daga Mafara

Ranar Laraba da hantsi Malam Jibirin ya zagaya bayan motarsa don ya duba tayoyi, sai ya ji wani abu yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa. Gilashin ƙofar baya ne, na gefen da ke kallon katanga, ya zube ƙasa kamar tsakin gishiri. Ya leƙa ciki. Akwatin allurarsa yana nan, igiyar kama shanu tana nan, ko tsinke ba a ɗauka ba.

Da an yi sata da hankalinsa ya fi kwanciya, domin ɓarawo kowa ya san abin da ya kawo shi. Amma a fasa maka gilashi a tafi a bar kayanka, wannan saƙo ne.

Malam Jibirin likitan dabbobi ne, shekara ashirin da ɗoriya yana zaune a Maradun, yana bin ƙauyuka da rugage da tsohuwar Golf ɗinsa, daga Janbako har Damaga. A da aikin nan girma yake jawo masa. Amma tun da daji ya lalace, duk mai shiga ya fito lafiya sai an bi shi da ido. Mako biyu da suka wuce maƙwabcinsa Ɗanasabe, wanda ke cikin 'yan sa-kai na unguwa, ya dube shi a majalisa ya ce, "Likita, wai shanun wa kake yi ma allura can ciki?" An yi dariya, shi ma ya yi, amma maganar ta zauna masa a rai.

Ya shiga gida fuska a murtuke. Matarsa Hadizatu tana tsugune tana tankaɗe, ta ɗago kamar za ta yi magana, ya riga ta.

"An hwasa mini gilashi. Kuma na san wanda ya yi."

"Malam, ka tsaya ka ji..."

"Babu abin da zan ji. Gargaɗi ne aka yi mini. Yau gilashi, gobe ni."

Ya sa hula ya nufi gidan mai unguwa. A zaure ya faɗi abin da ya gani, da aka tambaye shi ko yana zargin wani, bai yi nauyin baki ba, ya ambaci Ɗanasabe.

Yana hanyar komawa wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Barka da rana, Likita. Sunana Barnabas, mai gilashin mota ne ni a Talata Mafara. An ce gilashinka na baya ya fashe. Ba sai ka kawo motar ba, ni nake zuwa har gida in sa."

Malam Jibirin ya tsaya cak a tsakiyar lungu. "Wa ya ba ka lambata?"

"Wani mai ba ni aiki ne daga Bakura, Alhaji Shamsuddeen. Tun jiya da yamma ya gaya mini, na bari ne sai gari ya waye."

Shamsuddeen ƙanin Hadizatu ne, wannan gaskiya ne. Amma jiya da yamma? Shi mai motar bai san gilashin ya fashe ba sai yau da hantsi. To yaya aka yi labari ya je Bakura, ya dawo Mafara, tun kafin ya iso ga mai abu? Ya ce, "Ina jin ka."

Barnabas ya shiga jero abin da yake so a shirya masa. A turo masa hoton motar ta gefe da ta baya, yadda lambar za ta fito sosai. A ajiye ta a inuwa, a wuri mai faɗi inda ƙofa za ta buɗe gaba ɗaya. A kwashe komai daga kujerar baya. Kada a bar yara kusa. A rufe tagar da leda saboda hadari, amma kada salatif ya taɓa fenti. Shi mai motar ya kasance a wurin da kansa, da makulli a hannu. Sannan a kwatanta masa gidan filla-filla, in da hali a haɗa da hoton ƙofar gidan, a kuma faɗa masa lokacin da mai gidan yake nan.

"Hoton ƙohwar gidana kuma? A jikin ƙohwa za ka sa gilashin?"

Barnabas ya ce, "Haka nake yi da kowa, Likita."

Da Malam Jibirin ya kashe wayar ya kira Shamsuddeen. Ba ta shiga ba. Ya sake, ya sake, har sau bakwai, kullum sai a ce a kashe take. Ya tambayi Hadizatu ko tana da wata lambar ƙanin nata, ta ce waccan ce kaɗai, idonta a kan rariya.

Wuni guda ya yi yana juya maganar. Lambar mota, kamannin gida, lokacin da yake nan, a kau da mutane daga wurin. In ka cire maganar leda da salatif, ai wannan duk tambayar masu kai wa 'yan bindiga rahoto ce. Kuma sunan suruki ba wuyar samu gare shi ba, duk wanda ya yi kwana biyu yana bincikensa zai sani. Ya yi tunanin ya ce ya fasa. Sai kuma ya ga in ya fasa ba zai taɓa sanin ko su wane ne ba, za su dai sake zuwa ta wata hanya. Gara ya ga fuskar mutumin da rana tsaka, a cikin jama'a.

Don haka ya shirya, amma ta yadda ya ga dama. Ya tura hoton motar, bai tura na gida ba. Ya kwashe kujerar baya tas, har da tabarmar sallarsa. Ya manna leda a tagar. Washegari tun da safe ya ja motar ya kai ta ƙarƙashin wata bishiyar bedi da ke gaban masallacin unguwa, kusa da teburin mai shayi, inda ba a rasa mutum goma a zaune. Ya kwatanta wa Barnabas wurin a waya, bai ce masa ba nan ne gidan ba. Ya sa wuƙarsa ta yankan kofato a aljihun riga. Abin da ya fi cin ransa shi ne, a duk unguwar mutumin da ya kamata ya kira ya zauna kusa da shi a irin wannan rana Ɗanasabe ne, ga shi kuwa ya riga ya kai sunansa gaba.

Kafin ya fita Hadizatu ta biyo shi har zaure. "Malam, don Allah kada ka yi ma bawan Allah nan wani abu."

"Ke kin san shi ne?"

Ta ce a'a, ta koma ciki.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wani babur ya shigo layin, da wani abu mai faɗi ɗaure a baya, an naɗe shi da bargo. Mai babur ɗin bai tsaya ba. Ya wuce a hankali yana kallon lambar motar, ya kai ƙarshen layi, ya juyo, ya sake wucewa. Can nesa, wajen wani shagon caji, ya tsaya ba tare da ya kashe injin ba, ya ciro waya ya ɗaga ta saitin motar, sannan ya kara a kunne.

Malam Jibirin ya dubi bakin layin ta gabas, ya dubi ta yamma, yana jiran ya ga wasu baburan. Hannunsa na cikin aljihu, a kan wuƙar. Mai shayi yana ta zuba labarin farashin taki, ko kalma ɗaya bai ji ba.

Babu wanda ya biyo baya. Mai babur ya gangaro, ya kashe injin, ya cire hular kwano. Dattijo ne mai furfura a gemu, gajere, da tabon yanka birjik a yatsunsa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida da aiki da ruwa da hanya, kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa.

"Likita, nan ba ƙofar gida ba ce," in ji Barnabas.

"Ba ita ba ce. Kai kuma mi ya sa ka wuce har sau biyu? Wa ka kira?"

"Matata, Rebecca." Ya juyo da wayar ya nuna masa. Hoton motar ne a gaban masallaci, an tura wa wata lamba. "Duk inda zan je sai ta ga motar, ta ga gidan, ta san sunan wanda ya kira ni. In la'asar ta yi ban dawo ba, ta san inda za a fara tambaya. Kai kuwa ka hana hoton gida, ka kwatanta mini wani wuri daban. Jiya cewa ta yi kada in zo. Hanyar nan ba a shigarta don kiran waya kawai."

Malam Jibirin ya fitar da hannunsa daga aljihu. Duk da haka bai saki jiki ba, don mai mugun nufi ma ya iya tsara magana. Ya tsaya a kansa yana kallon duk abin da yake yi.

Barnabas ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera sukundirebobi. Ya ɓalle rufin cikin ƙofar, ya zura hannu da ɗan buroshi yana sharo ɓaraguzan da suka faɗa ciki. Yana cikin haka sai ya dakata, ya shafa bakin tagar da babban yatsa.

"Da ka zo ka gani, ina gilashin ya fi zuba? Ciki ko waje?"

"Waje. Ƙasa duk shi ne."

"A kan kujera fa?"

"Kaɗan."

"To ba daga waje aka buge shi ba. Duba nan." Ya nuna masa robar bakin tagar ta ciki, ta lotsa, ga kuma ɗan kankaren fenti shuɗi a jiki. "Wani ƙarfe ne mai nauyi aka sa a kan kujera, aka rufe ƙofa a kansa. Ina ganin irin wannan kullum. Janareta, keken ɗinki, tukunyar gas."

Tukunyar gas ɗin gidansa shuɗiya ce. Tun makon jiya ta ƙare, ya yi ta cewa zai tafi da ita Mafara a cika, yana mantawa. Ranar Talata kuwa bayan la'asar ya tafi jana'iza da ƙafa, ya bar makulli a rataye a ƙusa.

Barnabas ya kwance bargon, ya ɗauko sabon gilashin, yana magana ba tare da ya dube shi ba. "Alhaji Shamsuddeen dai cewa ya yi yayarsa ce ta roƙe shi a gyara da wuri. Ya kuma ce zai shiga gona kwana biyu, can babu sabis."

Ba a yi awa guda ba aka gama. Gilashi ya hau, ya sauka, ya sake hawa lafiya lau. Malam Jibirin ya sallame shi, ya sa mai shayi ya haɗa masa shayi da burodi, ya tsaya har Barnabas ya kira Rebecca ya ce mata ga shi nan tafe.

A gida ya tarar da Hadizatu zaune a bakin ɗaki, ba ta ɗora komai a wuta ba.

"Tukunyar gas," ya ce.

Ta sunkuyar da kai. "So na yi in sa maka ita cikin mota don kada ka manta. Na tura ƙohwa, sai na ji tas, na hiddo ta na maida ta cikin gida. Na kira Shamsu don in gaya maka da sahe an riga an samu mai gyara. Sai ka shigo kana cewa gargaɗi ne, ka hita. Da ka dawo ka ce ka kai sunan Ɗanasabe wurin mai unguwa, sai bakina ya mutu. Duk sa'adda na ɗaga kai in hwaɗa, sai in ga abin ya ƙara girma."

Ya buɗe baki zai yi faɗa. Sai ya tuna ta ce ya tsaya ya ji, shi ne bai tsaya ba. Ya ciro wuƙar daga aljihu ya ajiye a kan taga, ya ce ta ɗora abinci, ya fita.

Mai unguwa ya saurare shi har ƙarshe, ya girgiza kai. "Ai ka makara, Likita. Tun jiya na kira Ɗanasabe, gaban mutum huɗu. Har rantsuwa ya yi."

Malam Jibirin ya samu Ɗanasabe a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya faɗi komai yadda ya faru, bai rage ba, ya nemi gafara. Ɗanasabe ya ci gaba da fiƙe icen har ya gama, sannan ya ce, "Ba komai, Allah shi yahe muna baki ɗaya." Bai ɗago ba, bai kuma matsa masa a kan tabarma ba.

Gaisuwa ba ta yanke tsakaninsu ba, a masallaci ma sahu ɗaya suke tsayawa. Sai dai matan gidan Ɗanasabe, waɗanda shekara da shekaru a rijiyar gidan Malam Jibirin suke ɗibar ruwa, sun koma zagayawa har famfon bakin kasuwa. Hadizatu ce ta fara lura. Ta shiga gidan da kanta har sau biyu, aka karɓe ta da fara'a, aka ce mata ai ruwan famfon ya fi daɗin wanki. Sai bayan an yi girbin gero aka sake jin gugansu a rijiyar.