Ƙarshen da Malam Ba Ya Faɗa

Kun gan ta. Ranar da ta zauna a kan matakalar sashen Turanci, tsintsiya a cinya, tana jan numfashi da ƙyar, ku fiye da ɗari kuka fito daga lacca, kowa ya ɗaga ƙafa ya tsallake bokitinta. Daga inda kuka fito kuwa, awa biyu aka yi ana koya muku tausayin mutanen cikin littafi.

Cikin masu tsallakewar har da maƙwabciyarta, wata ɗalibar aji uku da bango ɗaya ya raba ɗakunansu a gidan haya. A gida tana ce mata Iya, tana aron ashana a wurinta. A makaranta kuwa da ta hango ta sai ta duƙar da kai kan waya. Iya ba ta taɓa tankawa ba, sai dai ta laƙaba mata suna Farfesa.

Bayan kwana huɗu asibiti suka sallamo Iya da ledar magani. Matar tela, mai ɗakin bakin ƙofa, ta tare Farfesa a wurin famfo.

"Tana nemanki. Zuciyar ce. Likita ya ce da wuya ta ga ƙarshen wata."

Ɗakin Iya katifa ce, da rediyo, da takalman roba na aiki, da tsohuwar kalandar sashen, sai wani keken ɗinki a lungu an lulluɓe shi da zane.

"Zauna, Farfesa, tambaya ɗaya gare ni. Littafin nan na 'yan'uwa mata biyu masu shagon gyaran agogo, wanda malamin nan mai tari yake koyarwa. Ƙaramar da ta yi fushi ta tafi garin bakin teku, ta dawo kuwa?"

"Iya, ina kika san shi?"

"Shekara ashirin da biyu ina goge barandar ajinsa ranar Talata, tagar kuma ba gilashi. Turancin ma da kunne na tsince shi. Amma duk shekara da an zo wurin sai ya rufe littafi, ya ce ƙarshen ku je ku karanta da kanku. Na tambayi yara sun fi goma. Ta dawo?"

Farfesa ta gyara zama. Bara ta ci jarrabawar littafin nan, da maki mai kyau ma.

"Wato, jigon littafin shi ne rabuwa, da yadda zamani yake..."

"Jigo kam na share shi a ƙasa ya fi a ƙirga. Ta dawo ko ba ta dawo ba?"

Farfesa ta rasa inda za ta sa idonta. Ba ta taɓa buɗe littafin ba. Takardun taƙaitawa shafi tara da ake fotokwafi a bakin ƙofar makaranta, su ta haddace, ita da duk ajinsu. Kada ku yi mata dariya, na san abin da ke cikin jakunkunanku.

Washegari ta aro littafin daga laburare. Hatimin da ke jikinsa ya nuna rabon da wani ya are shi shekara goma sha ɗaya. Shafi ɗari uku da arba'in ne, kwanakin Iya kuma ba wanda ya san adadinsu.

Kullum da ta dawo lacca sai ta zauna gefen katifa, ta karanta sakin layi da Turanci, ta mayar da shi Hausa. Inda ta yi tuntuɓe Iya ta ɗora ta a hanya. "Ba haka malam yake faɗa ba, sake dubawa." Matar tela ta fara kawo kujerarta bakin ƙofa, wai iska take sha.

"Babbar nan bakinta ya yi yawa," in ji Iya ran nan. "Ta ce yi haƙuri mana, me zai ragu a jikinta?"

"Kamar wa ke nan?" matar tela ta jefo daga waje.

"Ke, je ki duba tukunyarki."

A wurin famfo matar tela ta kwance wa Farfesa zancen. Iya tana da ƙanwa a wani gari. Kan keken ɗinkin nan na mahaifiyarsu suka ɓata, shekara goma sha tara ko gaisuwa babu.

A kwana na shida ƙafafun Iya suka kumbura, magana ma sai ta huta a tsakani. Saura shafi ɗari da ashirin. Farfesa ta ji tsoro.

"Iya, in tsallaka zuwa ƙarshe?"

"Tsallaken ne ya kai ki inda kike. Bi shi daki-daki."

Sai Farfesa ta ƙara da zaman safe, kafin ta tafi makaranta. Ta lura ta daina karatu don Iya kawai. A mota ma littafin yana hannunta, tana jin haushin ƙaramar kamar ta san ta.

Ranar kwana na tara, da hantsi, suka kai shafin ƙarshe. Idon Farfesa ya riga bakinta, ta ga abin da ke ƙasa. Ta dubi tsohuwar, ta ji ƙarya ta taso mata har maƙogwaro.

"Kar ki gyara wa marubucin," in ji Iya, ido a rufe. "Yadda ya rubuta."

"Ta dawo, Iya. Amma kwana biyu bayan an binne babbar. Ta tarar da shago a kulle, ta leƙa ta taga, agogunan duk sun tsaya."

Iya ta yi tsaki.

"Kowacce tana jiran ɗaya ta fara. Shashashai." Ta buɗe ido. "Juya kalandar can, akwai lamba a bayanta. Ki ba ni wayar nan taki da kike ɓuya a bayanta."

Wayar ta yi ƙara sau biyar kafin a ɗauka.

"Ke ce? Ni ce. Keken yana nan, ya yi tsatsa, ki zo ki ɗauki abinki." Ta huta. "In za ki zo, gobe. Ba jibi ba."

Washegari da yamma wata mata mai jiki ta tsaya a ƙofar ɗakin da jaka a hannu, tana haki.

"Yaya, haka kika koma?"

"Ke kuma haka kika cika ƙofa? Shigo, kin tare min haske."

Kwana biyu suka yi suna gardama kan wadda ta fasa madubin mahaifiyarsu tun suna yara. Ta bango Farfesa take jiyo su, wani lokaci faɗa, wani lokaci dariyar da ke ƙarewa da tari. Ranar Alhamis da safe Iya ta cika, kanta a cinyar ƙanwarta, ana cikin taje mata gashi.

Bayan mutane sun watse, ƙanwar ta fito tsakar gida ta sami Farfesa zaune a kan tabarma.

"'Yar nan, wane littafi ne wannan da ya sa Yaya ta kira ni? Ni kaina na kasa, shekara goma sha tara."

Farfesa ta shiga ɗaki ta ɗauko shi. Matar tela ta jawo kujerarta, wannan karon har gefen tabarma. Ƙanwar ta miƙe ƙafa, ta jingina da bango. Farfesa ta buɗe shafi na ɗaya.

Kai kuma da kake karanta wannan, akwai ɗakin da bango ɗaya ya raba ku, ka san tarin mai shi, ba ka san damuwarsa ba. Ajiye takardar nan, ka je ka yi masa sallama yau.