Tsagar Bangon Hawa na Uku

Tun tana da cikin autarta Barista ta karɓi shari'ar benen nan, ga shi yanzu autar har ta shiga makaranta. Magana ɗaya ake ta juyawa. Bangon hawa na uku ya tsage, mai gini ya ce ɗan kwangila ne ya rage rodi, ɗan kwangila ya ce zanen da aka ba shi ne ba daidai ba. Ita kuwa mai ginin take tsaya wa.

Ta hau benen nan ba adadi, da farko da takalmi mai tsini, daga baya da silifas. Ta zauna ta saurari injiniyoyi suna ƙaryata juna har kanta ya ɗau zafi. Ciyawa ta fito a matattakala, tantabaru suka tare a ɗakunan da aka ce shaguna ne. A ofis kuwa takardun shari'ar sun cika kabad sun gangaro ƙarƙashin tebur, ko wurin miƙe ƙafa ba ta da shi.

Ranar da za a yanke hukunci tana tsaye a harabar kotu, sai ga mota ta tsaya. Mai gini ya fito ta dama, ɗan kwangila ta hagu, suna ta dariya.

"Barista, sannu da ƙoƙari," in ji mai gini. "Mun shirya. A janye ƙarar."

"Kun shirya? Yaushe?"

"Jiya, a asibiti. Layin awon hawan jini ne ya haɗa mu. Na dube shi, ya dube ni, ashe duk mun tsufa."

"To benen fa, ranka ya daɗe?"

"Mun sayar. Wanda ya saya rushewa zai yi, filin kawai yake so."

Ta ja ƙafa ta shiga ta shaida wa alƙali. Shi kuwa ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

Da la'asar tana zaune a ofis, ko rigar lauyan ba ta rataye ba, waya ta yi ƙara. Sabon mai filin ne, yana neman lauyan da ya san wurin ciki da bai. Wai maƙwabta sun ce rusau ɗin zai taɓa musu katanga, har sun kai ƙara.

Ta tsura wa takardun ƙarƙashin tebur ido, har ya tambaya ko tana jin sa.

"Ina ji," ta ce. "Ka zo Litinin. Amma don Allah ba da sassafe ba."