Hankakan Bushira

"Ga shi nan ya sake ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa," in ji Bushira. "Matarsa ta tafi kamun kifi."

Inna Mariyatu ta yi dariya har da tafa cinya. Kowace la'asar haka suke yi a ƙarƙashin rumfa, a ƙauyensu da ke kusa da Bangi: jikar, 'yar shekara biyar, ta baje littafin a kan tabarma, kakar ta karkato kunne. Ilyasu, uban yarinyar, shi ya zo da littafin daga ci-rani a Abijan. Da Faransanci aka rubuta shi, kuma babu mai karanta boko a gidan, don haka Bushira hotunan take bi, tana ba da labarin da bakinta.

A faɗarta, wani hankaka ne mai ƙiba, fukafukansa gajeru, ba ya tashi sama. Tafiya yake yi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, a wata ƙasa da kanwa ta rufe ko'ina.

"Ke ƙawata, ki ji tsoron Allah," in ji Inna. "Na tsufa ina korar hankaki daga shanya. Ban taɓa ganin wanda ke goyon ƙwai da ƙafa ba."

"To ai ba ki gani, Inna! Je ki a buɗe miki idon, ki ga in ƙarya nake."

Maganar ta tsaya wa tsohuwar a rai. Yanar ido ta rufe mata gani tun kafin a haifi Bushira. Da hannu ta san yarinyar: kitsonta, kumatunta, ɗan tabon da ke gwiwarta. An sha cewa likitocin ido sun zo Madawa, Ilyasu ya roƙe ta ya gaji. Ita kuwa tsoro take ji. Tana iya bambanta rana da dare, kuma ba ta son wuƙa ta raba ta da wannan ɗan hasken da ya rage.

Bayan girbi likitocin suka dawo. Ta kira ɗanta ta ce, "Nemo mota. Amma da ƙawata za mu, da littafinta."

Ido ɗaya aka yi wa aiki. Washegari da hantsi wata malamar jinya ta zaunar da ita a kan benci, ta ɓare filastar a hankali. Haske ya soke ta har ta runtse, hawaye na zuba. Da ta sake buɗewa, duniya ta fara taruwa: farin bango, koren zanen malamar, sai wani mutum durƙushe a gabanta, gemunsa duk furfura.

"Wane ne wannan dattijon?"

"Ni ne, Inna," in ji Ilyasu.

A bayansa wata 'yar siririya ke leƙe, mai wushirya da manyan idanu, ta rungume littafi a ƙirji. Mariyatu ta miƙa hannu ta shafa fuskar kamar yadda ta saba, tana kallon yatsunta suna bin goshin. 

Bushira ba ta da wannan haƙurin. Ta ɗare cinyarta, ta buɗe shafin.

Ga shi kuwa. Tsuntsu tsaye cir kamar mutum, baƙar riga a baya, fari fat a gaba, ƙwai a kan ƙafafunsa. Bayansa dubbai irinsa sun cure wuri guda. Ƙasar fara ce har iyakar gani, babu itace, babu kara ko ɗaya, sama kuma ta yi wasu korayen labulaye na haske.

"Mai zanen ne ya ƙago shi, ko?" Inna ta tambayi malamar.

Malamar ta duba rubutun. "A'a, Inna, akwai shi. Can ƙarshen duniya yake, wajen kudu. Wannan farin ba kanwa ba ce, ƙanƙara ce. Namijin ke riƙe ƙwan cikin sanyi, wata da watanni bai ci komai ba, kuma rana ma ba ta fitowa."

"Yanzu haka da muke zaune nan, suna can?"

"Suna can."

Mariyatu ta daɗe tana kallon shafin. Duk shekarun da ta yi tana daka, tana haihuwa, tana binne nata, ashe waɗannan bayin Allah suna tsaye cikin duhu da ƙwai a ƙafa, kuma Mai ciyar da ita bai manta da su ba.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ta faɗa a hankali.

"Na gaya miki!" in ji Bushira, tana ƙoƙarin juya shafi.

Kakar ta dafe hannunta. "Dakata, ban gama da wannan ba." Sannan ta ɗaga kai wajen malamar, ta nuna idon da bai buɗe ba. "'Yar nan, shi kuma ɗayan, yaushe za ku yi masa?"